Zum ɗin madubin bindiga a farautar barewa: kurakuran da aka fi yi da yanda ake gyara su

Na daɗe ina lura da wani abu. Duk wanda ya zo neman shawara kan madubin da zai ɗaura wa bindigar farautarsa, tambayar farko da ke fita bakinsa ita ce "yana kaiwa nawa?", wato lambar ƙarshe yake so ya ji, 16 ko 24, in ka ce masa 9 sai ka ga ya ɗan taɓe baki kamar ka ba shi kayan yara. Da wuya ka samu wanda zai tambayi lambar farko. Alhali in wurin farautarka irin mai gauraye ne, nan kurmi ne, ka fita ka tarar da fili, gaba kaɗan kwari da sarƙaƙiya, can kuma tudu mai kallon nesa, to wallahi wannan lambar farkon ita ce ke kawo nama gida.

Ga wanda bai saba da lambobin ba: in ka ga an rubuta 3-9x40, ana nufin madubin yana jawo abu daga ninki 3 zuwa ninki 9, 40 ɗin kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Haka 2-7x33, haka 4-16x44, haka 6-24x50. A ninki 4, barewar da ke mita 200 za ka gan ta kamar tana mita 50. Lissafin kenan, ba wani sihiri a ciki.

To babban kuskuren, wanda sauran duk ƙannensa ne, shine sayen zum mai yawa, wato madubi mai jawo abu ninki da yawa. Mutum ya ɗauko 6-24x50 saboda yana tunanin wata rana ɗaya da barewa za ta tsaya can a ƙarshen fili, ya manta da sauran ranakun da za ta zabura daga gindin bishiya a gabansa. Abin da ba a gaya masa ba shine duk sanda zum ya ƙaru, faɗin abin da kake gani a cikin madubin raguwa yake. Madubi 3-9x40 na yau da kullum, a ninki 3 yana nuna maka faɗin kusan mita 11 a nisan mita 100, in ka murɗa zuwa 9 sai ya koma wajen mita 4 da rabi. Yanzu ka dawo da barewar mita 25, ka raba huɗu. A ninki 3 kana da kusan mita 3 na fili, dabbar gaba ɗayanta tana ciki har da abin da ke gabanta da bayanta. A ninki 9 mita ɗaya da 'yan kai ne kawai, jikinta ma bai gama shiga ba. Shi kuwa mai 6-24 ɗin, ƙasan da zai iya saukowa 6 ne, a mita 25 bai wuce mita ɗaya da rabi yake gani ba, kuma ba shi da inda zai ƙara sauka, ya kai ƙarshen zobe.

Ni da kaina na sha wannan. Lokacin ina da 4-16, da safe na zauna bakin wani fili ina kallon ɗaya gefen, na murɗa shi zuwa 14 ina ta jin daɗi ina ƙirga ganyaye. Rana ta ɗaga ba abin da ya fito, na tashi na rataya bindiga na bi ta gefen wata sarƙaƙiya zan koma. Kawai sai ga namijin barewa ya miƙe daga cikin ciyawa, bai fi taku talatin ba, ya tsaya cak yana kallona, kunnuwa a miƙe, har motsin hancinsa ina gani da ido. Na ɗaga bindiga na sa ido, abin da na gani gashi ne ja-ja ya cika madubin tam, ban san kafaɗa ba ce ko cinya ko ciki. Na ɗan gyara, sai ganye. Na ƙara gyarawa, sai kututture. Kafin in ɗago kai in neme shi da ido ya yi tsalle biyu, sai ƙarar busassun ganye na ji tana nisa. Ban ma taɓa kunama ba, kuma gara da ban taɓa ba, dan harbin da ba ka san inda ka saita ba rauni kawai zai ja wa dabba ta je ta mutu a inda ba za ka gan ta ba.

A wannan labarin kuskure biyu ne a haɗe, na saye da na mantuwa, kuma na mantuwar ya fi yawa a cikin mutane, dan ko mai 3-9 ɗin ma in ya bar shi a 9 yana yawo cikin kurmi duk kanwar ja ce. Gyaran ba ya cin ko sisi: duk sanda za ka tashi daga inda ka zauna, hannunka ya fara zuwa kan zoben zum ka mayar da shi ƙasa, kafin ma ka karkaɗe wando. Dalili a bayyane yake, barewar da ke mita 250 tana kiwo ba ta san da kai ba, za ta ba ka lokacin da za ka zauna, ka jingina, ka murɗa zum sama a nutse. Wadda ta tashi a mita 25 daƙiƙa biyu ko uku gare ka, in ka ɓata su wajen murɗa zobe shikenan ta tafi.

Sai a ce to in ta tsaya nesa fa, 9 zai isa? Ɗan'uwa, a ninki 9 barewar da ke mita 300 kamar tana mita 33 ce. Wurin da kake nema a jikinta, huhu da zuciya a bayan kafaɗa, faɗinsa wajen santimita 20 zuwa 25 ne a babbar barewa. In ba za ka iya ajiye layin saiti, wato gicciyen da ake gani a cikin madubin, a kan abu mai wannan girman da ke mita 33 ba, to matsalar ba ta madubi ba ce. Ka tuna a yaƙin duniya na biyu maharban ɓoye na Tarayyar Sobiyet wani madubi mai suna PU suke ɗaurawa kan bindigarsu Mosin-Nagant, ninki 3.5 ne kacal ba ya gaba ba ya baya, kuma da shi suke harbin ɗaruruwan mitoci. Ban ce ka koma can ba, ina dai nuna maka cewa yawan zum ba shi ke sa harsashi ya tafi daidai ba. Su 20 da 24 ɗin nan an yi su ne dan masu harbin takarda a kan benci da masu harbin ƙananan dabbobi daga nesa sosai, a nan kam suna da amfani.

Akwai kuma maganar rawa. Mutane suna cewa zum mai yawa yana sa bindiga rawa, a'a, rawar dama can tana nan, hannunka ne da numfashinka da bugun zuciyarka, zum ɗin kawai yana nuna maka ita ne ƙuru-ƙuru. Amma ganin nata ɗin ma illa ne. Ka hau tudu kana haki, ka ɗaga bindiga a tsaye babu majingini, a ninki 16 layin saiti zai dinga zagaye dabbar daga wuya zuwa wutsiya, sai hankalinka ya tashi ka fara jiran ya wuce ta kan kafaɗa ka fizge kunama, fizgar nan kuwa ita ke jefa harsashi gefe. A ninki 4 ko 5 rawar iri ɗaya ce amma ido yana ganin ta kaɗan, kai ma sai ka nutsu ka matsa kunama a hankali. In dai babu inda za ka jingina, sanda ko jaka ko reshe ko gwiwarka, kar ka wuce 5 ko 6. Sannan bayan harbi, bindiga ta yi shuri ta ɗaga baki, mai zum kaɗan yakan ga yanda dabbar ta karɓi harsashin da hanyar da ta bi, mai zum 16 sai dai ya ga sama da rassa, ya sauke ya fara tambayar kansa ina ta shiga. Wanda ya taɓa bin sawun jini da almuru ya san darajar wannan ganin na daƙiƙa ɗaya.

Da rana tsaka a buɗaɗɗen fili kuma, zum mai yawa kawalwalniya yake jawo maka, komai ya dinga kaɗawa kamar a ƙarƙashin ruwa. Maganinta a sauke zum ɗin, shikenan.

Yanzu maganar haske, nan ne nake ganin an fi ruɗa mutane. Barewa ta fi motsi da duku-dukun asuba da kuma gab da magariba, lokacin da haske ya yi ƙaranci, to sai ka ga mutum duhu na shigowa yana ƙara zum wai dan ya gani da kyau, madubin kuma sai ƙara duhu yake, shi kuma yana zagin kamfani. Ga abin da ke faruwa. Hasken da ke fitowa ta gilashin ido wani ɗan da'ira ne, in ka riƙe madubin nesa da fuskarka ka fuskanci sarari za ka gan shi ɗan zagaye mai haske, ka murɗa zum ka ga yana tsukewa. Girmansa shine faɗin gilashin gaba a raba da zum. 40 a raba 4, milimita 10. 40 a raba 9, milimita 4.4. 50 a raba 24 kuwa milimita 2 ne da ɗan ɗigo, ƙaramin rami kamar na allura, ga duhu ga wahalar daidaita ido, ka ɗan gusa kai kaɗan sai hoton ya ɗauke baƙi ƙirin. Shi kuma baƙin idon mutum a cikin duhu yana buɗewa zuwa wajen milimita 7 in yaro ne matashi, in shekaru sun ja ya tsaya wajen 5. Abin da kake so da'irar hasken ta yi daidai da buɗewar idonka ko ta ɗan fi. Da gilashi 40, ninki 6 yana ba ka 6.7, ninki 8 yana ba ka 5. Kenan da almuru wurin zamanka tsakanin ninki 5 da 8 ne gwargwadon shekarunka. Kar kuma ka ɗauka saukowa har 3 zai ƙara maka haske, milimita 13 ɗin da yake bayarwa ya fi ƙarfin idonka, ragowar zubewa take a banza, sai dai ka samu faɗin gani.

Daga nan ne ake faɗawa wani ramin, a ce to bari a sayi mai ƙaton gilashi, 50 ko 56. Lissafin gaskiya ne, shi ya sa masu farautar dare a Jamus suka daɗe da 8x56, 56 a raba 8 bakwai cif. Amma su zama suke yi a wuri ɗaya a kan dakali, kai kuwa yawo za ka yi tudu da kwari. Ƙaton gilashi yana buƙatar dogayen zobban ɗauri dan kar ya taɓa bututun bindiga, madubin ya yi sama, kuncinka ya bar gindin bindiga kana leƙe da haɓa, saurin saitin da kake nema a kurmi ya tafi. Ga nauyi, irin su 6-24x50 sukan kusan ninka 3-9x40, da safe ba za ka ji ba, da yamma kafaɗarka za ta ba ka labari. In idonka ma ba ya buɗewa fiye da 5, ka sayi hasken da ba zai shiga ba. A ganina gilashi mai kyau mai shafe mai inganci na 40 ko 42 ya fi ƙaton 50 na araha nesa ba kusa ba. Haka maganar da ake yi wai madubin da kaurin jikinsa milimita 30 ne ya fi na inci ɗaya haske, wannan ba haka ba ne, abin da ya fi bayarwa shine ƙarin wurin murɗa saiti sama da gefe.

Wasu kuma da suka ji wannan wa'azin sai su zarce ɗaya gefen, su ɗaura 1-4x24 ko 1-6x24. A cikin kurmi ba abin da ya kai shi daɗi, ido biyu a buɗe, kamar ba madubi. In bindigarka irin .30-30 ce da dama ba ta nesa ba ce, ya yi daidai. Amma a wuri mai gauraye, in magariba ta kawo kai barewa ta fito mita 200, gilashi 24 a ninki 6 milimita 4 kawai yake ba ka, za ka ji bambancin.

Wani kuskuren da ke sa mutum ya rantse bindigarsa ta lalace shine na 'yan layukan nan da ke ƙasan gicciyen saiti, waɗanda aka ce wannan na mita 200 ne wannan na 300. Yawancin maduban farauta, gicciyen ba ya canza girma in ka murɗa zum, hoton ne kawai ke girma a bayansa. To a irin waɗannan, layukan suna aiki ne a zum ɗaya tak, galibi na ƙarshe. In an auna su a 9 kai kuma kana 4.5 ka ɗora layin 300, ka ɗaga bakin bindiga ninki biyu na abin da ya kamata, harsashi ya bi ta saman bayanta ya wuce. Tsakiyar gicciyen dai ba ruwanta, tana nan daidai a kowane zum. Akwai ɗaya nau'in da gicciyen ke girma tare da hoto, layukansa daidai suke a ko'ina, amma in ka sauko ƙasa sai ya sirance kamar zaren gizo, a duhun kurmi ka neme shi ka rasa sai in mai fitila ne. Ni dai na fi son gicciye mai kauri a gefe siriri a tsakiya, ba tarkace. Da harsasai irin .308, .270, .30-06 ko 6.5 Creedmoor, in ka yi saitin sifili a mita 200, wato ka daidaita madubin yanda harsashi zai faɗa daidai tsakiyar gicciye a wannan nisan, a mita 100 zai hau sama da wajen santimita 5 ne, kenan daga bakin bindiga har ɗan gaba da 200 tsakiya kawai za ka ɗora. A 300 ne yake faɗuwa wajen santimita 20 zuwa 30 gwargwadon harsashin, wannan kuma sai ka je ka harba a takarda ka ga na taka bindigar da idonka, kar ka dogara da abin da aka rubuta a kwali.

Tunda an zo takarda, ka harba harsashi uku a zum na ƙasa, uku a na sama, a wuri ɗaya. In rukunin biyu sun rabu sosai to madubin ne ke da matsala, kuma a na araha ana samun haka. Gara ka gano a takarda.

Sai ɗauri. Yawancin maduba tazarar da ke tsakanin ido da gilashi wajen santimita 9 zuwa 10 ce, kuma a da yawa daga cikinsu tana raguwa in zum ya hau. Mutum ya ɗaura madubi a ɗaki yana sanye da 'yar shara, a zum 3, komai fes. Ranar farauta ya sa rigar sanyi mai kauri, ya kwanta yana harbin sama-sama a tudu, ya murɗa zuwa 9, hoto ya tsuke, ya miƙa wuya gaba dan ya gani, bindiga ta yi shuri bakin madubin ya sare shi a gira. Jini kamar an yanka, kuma tabon ba shi ne abin tsoro ba, tsoron da zai shiga jikinsa ne, daga ranar duk harbi sai ya runtse ido. Ka ɗaura a zum na ƙarshe, sanye da kayan da za ka fita da su, ka rufe ido ka ɗaga bindiga ka ɗora kunci, ka buɗe, in hoton bai cika ba madubin za ka gusar, ba kanka ba. A lokacin ne kuma za ka kalli sarari ka murɗa gilashin ido har gicciyen ya fito tar, kallo ɗaya-ɗaya gajere, dan in ka daɗe ido zai gyara da kansa ya yaudare ka.

Manyan maduban nan kuma suna zuwa da wani maɓalli na gefe na daidaita nisa, wanda in an bar shi a 300 abu ya zo mita 30 sai hoto ya yi dishi-dishi. Ƙanana irin 3-9 an kulle nasu a wajen mita 100 zuwa 150 kuma ga girman barewa hakan ya wadatar. Ƙarin maɓalli ƙarin abin mantuwa ne.

Ɗaya kuma da ba na wasa da shi: masu cewa suna son zum 20 ne dan su duba ko namiji ne ko mace, ko su leƙa motsin da suka gani can. Malam, madubin a kan bindiga yake, duk abin da ka leƙa ka nuna shi da bakin bindiga mai harsashi, kuma motsin nan yana iya zama wani maharbin ne ko mai wucewa. Dubawa aikin bainokula ne, wato madubin hangen nesa na ido biyu da ake riƙewa a hannu, 8x42 ko 10x42 a rataye a ƙirji. Sai ka tabbatar da abin da kake gani, da abin da ke bayansa, kuma doka ta ba ka damar harbinsa a wannan lokacin, sannan bindiga ta tashi.

In za ka zaɓa, kafin ka je shago ka je dajin. Ka tsaya wuraren da ka saba zama ka auna nisan da kake iya gani da taku ko da na'urar auna nisa, ka tuno kuma harbin da ka yi a baya nawa-nawa ne nisansu na gaskiya, ba na hira ba. Da yawa za su tarar mafi yawa bai kai mita 150 ba. In kurmi ya fi yawa, 2-7x33. In rabi da rabi ne, 3-9x40 ko 2.5-10x42 ko 2-10x42. In fili ya fi yawa kuma kana atisayen 300 zuwa sama da majingini, 3-15x44 ya fi 4-16 a wurina saboda wannan 3 ɗin na ƙasa. Duk wanda lambarsa ta farko ta wuce 4, ka bar shi a kanta.

Ni yanzu 2.5-10x42 ne a kan tawa, a 3 yake kwana a 3 yake tashi, in na zauna bakin fili da yamma in kai shi 6. Zobensa yana ɗan tauri in sanyi ya yi, safar hannu kuma tana zamewa a kai, sai na ɗaura masa wani ɗan mariƙi mai tsini da yatsa ke kamawa. In tsinin yana kallon hagu na san ina ƙasa, ko a duhu sai dai in shafa da babban yatsa in ci gaba da tafiya.